Kibod Mai Cirewa ko Mai Haɗe

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, kamar yadda ta bar mu a nan, in ka ɗebe ɗan abin da ba a rasa ba. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka daga sharrin zaman baƙunta, ya raya maka zuri'a, su girma su yi maka irin abin da ka yi wa naka iyayen. Na san halinka, za ka yi saurin cewa amin. Ka ɗan riƙe amin ɗin tukuna har ka kai ƙarshen takardar, in ya so sai ka ga ko kana sonta.

Mu nan gida sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in na zauna ta hana ni tashi, in na tashi ta hana ni zama. Kawunka Direba ya ajiye tuƙi saboda ido, yanzu aikinsa zama a ƙofar gida yana koya wa masu wucewa yadda ake juya mota. Babanka kuwa, yayana Akawu, jiki da sauƙi gwargwado. Ɓarin daman da ya shanye yana nan yadda ka bar shi, baki bai dawo ba, amma yana ci, yana barci, hannun hagu kuma garau yake. Yana gane kowa, yana gane duk abin da ake yi a gabansa, wannan kam ka riƙe shi da kyau don za mu dawo kansa. Ƙanwarka Auta ita ce dai har yanzu a kansa, wanka da juyi da wankin zanen gado da kai shi wurin gashin ƙashi. Ta rame har sai ka duba sau biyu kafin ka ce ita ce, tun da ta bar aikinta na kantin magani ban ƙara ganin ta sa takalmin fita na kirki ba.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ita ce aikin da ka ɗora mini. Na karanta abin da ka rubuta a guruf ɗin iyali na waya, kowa ma ya karanta, har surukai da 'ya'yan da ba su gama mallakar hankalinsu ba. Ka ce Auta sakarya ce, abu ɗaya tak ka damƙa mata, wato rigar kwamfutar hannun nan mai kibod da babanku ke yi maka magana da ita, ta bari shayi ya kwarare a kai ta mutu. Ka ce ta raba ka da muryar mahaifinka, ba za ka ƙara ba ta amanar ko tsinke ba, don haka Gwaggo ce za ta je ta zaɓo sabuwa. Na ji daɗin wannan girma, musamman da yake ni ce dai wadda ka taɓa cewa ba ta san inda zamani ya sa gaba ba. Ka turo mini hotuna kala-kala da bayani mai tsawo: a samo mara waya, mai haske a ƙarƙashin haruffa, mai daɗewa da caji, mai wurin goga yatsa, kada ta yi nauyi. To na je, ɗana, na kuma duba da idon basira, ga rahoton.

Mun biya shagon ne a hanyar dawowa daga gashi, ni da Auta da babanka a kan kekensa na marasa lafiya, don na ce ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Shagon ƙarami ne, da ƙyar keken ya shiga tsakanin kantoci, ko'ina wayoyin caji sun rataya suna shafar kan mutum. Mai shagon mutum ne mai haƙuri da surutu, ya zazzago mana duk abin da yake da shi a kan gilashin teburinsa, ya kunna bulutut yana haɗa su da kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata mai laushi kamar roba, in ka danna ba ka jin ka danna komai. Akwai mai hasken da kake so, har launi take canzawa, ja da kore da shuɗi, ka ce ɗakin rawa ne. Ya ce duk wannan ado ne, ainihin bambancin guda ɗaya ne, kuma shi ya kamata mai saye ya fara tsayar da shawara a kai. Akwai mai cirewa, wadda maganaɗisu ne kawai ke riƙe kibod ɗin a jikin rigar, kana iya zare shi ka tafi da shi ƙarshen ɗaki yana aiki, irin wadda ka sayo da farko ke nan. Akwai kuma mai haɗe, wadda kibod ɗin ke manne da rigar da ƙarfen lanƙwasa, inda allon yake nan madannan suke, duk mai bugawa dole ya zauna a gaban allon. Da ya faɗi haka sai na ga Auta ta sunkuyar da kai tana gyara wa babanka bargon da ba abin da ya same shi.

Kafin in gaya maka abin da ya sa ta sunkuya, bari in tuna maka wani abu da na san ka manta, don mai yi ke mantawa. Babanka da tafireta ya ci abinci, da ita ya ciyar da mu. Ina yarinya ya sayo ta, baƙa mai nauyi, harafin “k” ɗinta yana ɗan karkacewa, ƙararrawarta tana ƙara a ƙarshen kowane layi. A ofis ya buga, da ya yi ritaya ya kafa tebur a baranda yana buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Kuɗin makarantarka daga cikin haƙoran wannan ƙarfen ya fito, haka ma kuɗin ɗinkin da na koya. Da ciwon nan ya kayar da shi, ka zo a gurguje kamar wanda aka aiko ɗaukar wuta, yana kwance a asibiti ka shiga ɗakinsa ka ce za ka buɗe wa keke hanya. Ka kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ɗora ta a sikeli tare da tsohuwar fanka da murfin tukunya. Na ce maka ka bari ya farfaɗo a tambaye shi, ka yi dariya ka ce ai ka sayo masa abin da ya fi ta sau dubu. Ranar da aka sallamo shi kai kana cikin jirgi. Ni na ga yadda ya bi ɗakin da ido, kusurwa bayan kusurwa, har ya tsaya a kan tabon da ƙafafunta suka bari a teburin. Bakinsa ba ya motsi, amma ban taɓa jin mutum ya yi ihu irin na ranar ba.

Daga baya na ji ka kira Auta kana kuka, ka ce abin yana cin ka, ka san ka yi kuskure, so kake Baba ya ce maka wani abu ko da kalma ɗaya ce. Sai aka fara kiran bidiyon nan na ƙarshen mako. A jingine kwamfutar a kan tebur, fuskar babanka da kafaɗunsa su cika allon, kai kana can kana zuba, saƙonni kuma suna shigo maka daga gefe. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ina alfahari da kai. Ka kula da jikokina. Kai kuma ka ɗauki hoton kowane saƙo ka watsa a guruf, ka rubuta cewa ba abin da ya kai albarkar iyaye, 'yan'uwa su yi ta turo maka hannuwan addu'a. Ina kallo ina cewa a raina, inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Wadda ke kwashe kashi ba ta da hoton da za ta nuna, wanda ya sayar da tafireta yana da albarka har ta yi masa yawa yana rabawa.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kai mai ilimin na'ura. A duk kiran nan, ka taɓa ganin hannun babanka? Ka taɓa ganin kafaɗarsa ta motsa lokacin da saƙo ke shigowa? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bugu da ƙarfi har teburi na rawa, yanzu yana rubuta maka layi uku bai ko ƙifta ido ba, kai kuma ba ka ga komai ba don ba ka so ka gani. Ni tun karon farko da na halarci kiran na gane, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Auta ce. Tana zare kibod ɗin daga jikin rigar, ta zauna a ƙasa bayan teburin inda kyamara ba ta kai ba, ta ɗora shi a cinya, tana jin abin da kake faɗa tana buga maka amsar da ta san kana so. Tun ranar farko babanka ya ƙi taɓa shi muddin fuskarka na kan allon. Ta sa masa a gaba, ya tura hannunsa cikin riga. Kai kuma kana can kana jira da idanu jajaye, sai tausayinka ya kama ta, ta buga maka layin farko. Daga nan kuma ramin ya yi ta zurfi.

Kada ka ɗauka na zo wanke ta ne. Na gaya mata a fuska, yanzu ma ina gaya maka: ku biyu kun raba yayana kamar kayan gado yana raye. Kai ka ɗauke masa tafireta, ita ta ɗauke masa baki. Ka yi tunanin mutum yana zaune, ba ya iya cewa uffan, yana kallon kalmomi suna fitowa a allo da sunansa, ɗansa yana share hawaye yana godiya kan abin da bai faɗa ba. Akawu ne fa, mutumin da in ya buga takarda aka canza masa waƙafi ɗaya sai ya yage ta ya sake sabuwa. Da na yi mata faɗa ta fashe da kuka, ta ce ita so take gidan ya zauna lafiya, in ka san gaskiya ba za ka ƙara kira ba, Baba kuma ko yana fushi yana son ganin fuskarka. Na ce mata wannan zaman lafiya da bakin wani ta saye shi, kuma ba ta tambayi mai bakin ba.

Yanzu ga yadda shayin ya zube, tunda shi ne laifin da ka yi mata tsirara a kansa a gaban dangi. Ranar nan ce da ka daure ka kawo maganar tafireta da bakinka, ka ce Baba ya yafe maka. Ina zaune a bakin gado. Na ga Auta ta ɗago ta dubi babanka, shi kuma ya kafe ta da ido, ya girgiza kai a hankali yadda kai ba za ka lura ba. Kai kuma kana ta kiran Baba, Baba. Sai ta buga. Ka san abin da ta buga, don na ji matarka ta ce har ka sa an fitar maka da shi a takarda ka rataye a falo cikin firam: “Na yafe maka duniya da lahira.” Da aka kashe kiran, ta tashi ta mayar da kibod ɗin kan teburin ta juya za ta ɗauko magani. Babanka ya miƙa hannun hagu, ya ɗauki kofin shayinsa, ya karkata shi a kan madannan. Ba subucewa ya yi ba. A hankali ya zuba, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai ba shuka ruwa, har kofin ya ƙare, sannan ya ajiye shi a kan faranti ba tare da ya yi ƙara ba. Auta ta tsaya tana kallo. Da ka zage ta a guruf haƙuri kawai ta ba ka, ta ɗauki laifin ta yafa.

Mu koma shago. Mai shagon ya ga babanka yana bin madannan da kallo, sai ya ce a bar Baba ya gwada da kansa, ai shi zai yi amfani da ita. Ya sa masa mai laushin nan, babanka ya danna sau ɗaya ya ture ta da bayan hannu. Ya sa masa mai launuka, ko kallonta bai yi ba. Sai ya ɗauko wata mai haɗe, baƙa, mai nauyi, ba haske ba wurin goga yatsa, madannanta dogaye masu ƙara in an danna, ya ce ba kowa ke sonta ba don tana da nauyi kuma tana damun na kusa. Ya zura kwamfutar a ciki ya ɗora wa babanka a kan katakon keken. Dogo, da ka ga yayana. Ya gyara zama, ya shafa layin tsakiya da yatsu kamar mai gaisawa da tsohon aboki, sannan ya fara bugu da hannu ɗaya, ƙwas ƙwas ƙwas, ba ya ko duban haruffan. Har wata mata da ta zo gyaran waya ta juyo tana kallo. Abin da ya fito a allon shi ne: “Ina tafiretata?” Mai shagon ya yi dariya, ya ɗauka gwaji ne, ya ce lallai Baba tsohon hannu ne. Mu ba mu yi dariya ba.

Auta ta durƙusa a gefen keken, a gaban mutane, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta roƙe shi ya rubuta maka wani abu da hannunsa ko kalma biyu ce, ta ɗauki hoto ta tura maka, ta ce in ya yi haka ita ma ta huta. Ya dube ta. Na ɗauka zai mayar da hannun cikin riga kamar kullum, sai na ji ƙarar madannan. Layi ɗaya ya buga, ya sa aya a ƙarshe kamar yadda ya saba, ya janye hannunsa: “Ku gaya masa ba ni na yafe ba.” Auta ta yi wuf ta danne maɓallin gogewa har layin ya ɓace, tana waige-waige ko wani ya karanta. Mai shagon ya karanta, matar nan ma ta karanta, ni ma na karanta, kuma nawa idon ba shi da maɓallin gogewa. Daga nan ta ja mai shagon gefe tana tambayarsa ko mai cirewar tana da wani launi, babanka kuma ya riƙe mai haɗen da hannu ɗaya, sai da aka ɓamɓare yatsunsa kafin a karɓa. Muka fito ba mu sayi komai ba.

A hanya ta riƙe mini hannu ta roƙe ni da girman Allah da darajar marigayiya mahaifiyarku kada in gaya maka. Ta ce kana da hawan jini, kana ƙasar mutane, wannan firam ɗin shi ke riƙe da kai. Na ce mata to, don a rabu lafiya a titi. Amma saƙo aka ba mu, ku gaya masa aka ce, kuma a cikin mu biyu ni kaɗai ce ban saba canza wa Akawu magana ba. Ba ta san na rubuto maka ba, ba kuma zan gaya mata ba. Idan ka ga dama ka kira ta ka zage ta karo na biyu, wannan karon kan ta ji tausayinka. Idan ka ga dama ka ba ta haƙuri a guruf ɗin da ka tozarta ta, sai dai ka sani in za ka yi haka dole ka faɗa wa dangi daga ina albarkar nan taka ta riƙa fitowa. Na san ba za ka iya ba, tun kana yaro in ka fasa abu sai ka tura ɓaraguzan ƙarƙashin gado.

Don haka na mayar maka da aikinka, ɗana, zaɓin nan ya fi ƙarfin tsohuwa irina. Mai shagon ya ce zai ajiye mana guda biyun zuwa ƙarshen wata, kai dai ka faɗi wadda za a ɗauko. Duka biyun marasa waya ne, duka suna riƙe caji, kada wannan ya dame ka. In ka ce mai cirewa, Auta za ta koma ƙasa bayan tebur, albarka za ta ci gaba da sauko maka duk ƙarshen mako, mai daɗi, ba kuskuren harafi, kana iya cika bangon falonka da ita. Babanka zai zauna yana kallo, sai dai a riƙa nesanta masa kofi. In ka ce mai haɗe, ba wanda zai iya buga maka komai sai mai fuskar da ke gabanka. Wataƙila ya tambaye ka tafiretarsa har ranar da zai koma ga Allah, wataƙila ya sa hannu a riga ya bar ka da shirunsa, wataƙila kuma wata rana ya huce, wannan ban yi maka alkawari ba don na san jininmu. Ba sai ka yi mini dogon bayani ba. Kalma ɗaya za ka rubuto a guruf, mai cirewa ko mai haɗe, dangi za su ɗauka maganar kaya ake yi, ni kaɗai zan san ɗan da yayana ya haifa.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce na gode da maganin gwiwa, ko da yake bai yi komai ba. Ka shafa mini kan Mai-sunan-Yaya da 'Yar Lele da ɗan autanku mai kukan nan, ka ce kakarsu tana nan tana jiran a kawo su ta gan su da ido ba ta gilashi ba. Kawunka Direba yana gaishe ka, Inna Tela da 'ya'yanta suna gaishe ka, maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya ce a tambaye ka ko can ma ana tsufa. Auta na san da ta san ina rubutu da ta ce a gaishe ka, don ita ba ta gajiya. Babanka ban sa gaisuwarsa ba, tunda bai ba ni ba.

Da hannuna na rubuta wannan, da biro, ga karkataccen rubutuna ka san shi. Na yi haka ne don ka tabbata wannan karon ba wanda ya zauna a bayan tebur ya tausasa maka. Yanzu kana iya komawa farkon takardar, ga addu'ar nan tana jiran amin ɗinka.

Wassalam. Ni ce wadda ta goya ka tun ba ka san kanka ba,

Gwaggonka